Taswirar Tudun Anza

Bazarar bana ta zo da wani hali da ba na so. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai wata iska mai zafi ta biyo ta watsa shi. Yara dariya suke yi, su ce hadarin ƙarya ne. Ni kuwa duk sanda na ga haka sai in ji ɗacin anza ya taso min a maƙogwaro, ko da shayi nake sha.

Sunana Umaru, amma daga Wurno har Goronyo in ba ka ce Umaru Safiyo ba, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Da sarƙar awon fili na fara aiki, ina ja ana rubutawa. Sai da furfura ta fito min sannan aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ce in koyi zana taswira da manhaja. Na koya ina gunaguni, amma gemu ba ya hana ilimi. Aikin kuma ba wani tsafi ba ne. Shimfiɗa ake yi ɗaya kan ɗaya kamar tabarmi: a ƙasa hoton fili da aka ɗauko daga sama, a kansa gonaki, a kansa hanyoyi, a kansa ruwa. Wadda ka ga dama ka ɗaga ka leƙa abin da ke ƙarƙashinta.

Bana ƙungiyar manoman rani ta garinmu ta ba ni aiki. Suna son taswirar fadamarmu, wannan gaɓar gulbin Rima da waccan, kowace gona da iyakarta, da layin da katafila za ta bi ta haƙa hanyar ruwa kafin damina ta sauka. Da labarin ya kai kunnen mahaifiyata sai ta aiko a kira ni. Inna ta tsufa ƙwarai, idonta ya kusa tafiya, amma bakinta na nan yadda yake. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, Mai-sarƙa take ce min.

"Mai-sarƙa, an ce katahwila za a kawo hwadama."

"Haka na, Inna."

"To ka sa Tudun Anza cikin takardar taka. Ka zagaye shi da ja wada makaho ma ka gani. Ubanka na can kwance. In ƙarhen ga yat taɓa shi, ni da kai na."

Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan shi ne mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya. Kowa ya san Tudun Anza, ga shi can tsallaken gulbi, ba wanda ya taɓa sa masa fartanya.

Shekarar da Baba ya kwanta a can ina saurayi, gemu bai tsiro ba. Ruwan farko ya sauka da wuri, kuma mai kyau. Muka fita shuka gida duka, Baba a gaba da sungumi yana sara, ni da Inna a baya muna zuba iri muna rufewa da diddige, ƙanena Sani yana ƙarami yana bin mu yana tono abin da muka rufe. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai ruwa ya ɗauke. Muna kallo ya naɗe, ya yi fari, iska ta kwashe shi. Aka yi wani ɗan yayyafi muka sake shuka da irin da Inna ta ɓoye a tulu, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Aka fita roƙon ruwa. Maza suka juya riguna bai-bai, aka fito da yara da tsofaffi, har da awakin da suka rage. Muna cikin addu'a hadari ya taso, ya rufe rana, muryar liman ta fara rawa don murna. Kafin mu shafa fatiha iska ta zo ta watsa shi. Muka koma gida ba mai kallon fuskar wani.

Daga nan abinci ya fara ja da baya a hankali. Tuwon dare ya koma kunu, kunu ya koma ruwan da aka nuna wa gari. Muka ci tafasa, muka ci dusa. Ranar da Baba ya shiga rumbu ya yi magana na ji muryarsa tana amsa kuwwa a ciki, na san an zo wurin. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun da gari ya yi. Wanda ya tashi a ƙauye ya san da daka ake wayar gari, da daka ake yin la'asar. A shekarar nan turame suka kife a tsakar gida. Ba zakara, ba kukan jaki, sai ka bi lungu tun daga farko har ƙarshe ba ka ji komai ba sai takunka.

Sai labari ya zo cewa can ƙasa cikin fadama gulbi ya bar tafkuna, akwai bado, akwai gaiwa kwance cikin busasshiyar laka. Muka ɗaure 'yan tsummokaranmu muka kama hanya da asuba, ba mu isa ba sai da rana ta take. Muka tsallake gulbin da ƙafa, ruwan ko idon sawu bai rufe ba, muka kafa bukka a kan wani ɗan tudun yashi. Mun tarar da mutane sun riga mu, wasu daga wajen Marnona, wasu daga Magarya, har da 'yan Tursa. Ba wanda ya tambayi wani me ya kawo shi.

Zaman wurin yana da tsarinsa. In an yi sallar asuba maza su nufi laka da dagi, a tona bado, a bi tsagewar ƙasa ana ƙwanƙwasawa ko za a dace da gaiwa. Mata su hau tudu su tsinko 'ya'yan anza, a shanya, a fasa, a ɗaure a buhu a jiƙa cikin tafki. Anza abu ne mai ɗaci da ba ya son gaggawa. Sai an yi ta canza masa ruwa kwana da kwanaki kafin ya yarda a ci shi, mai yunwa kuwa ba shi da kwanakin. Wasu tsofaffi su bi layin tururuwa har raminta, su tone, su kwashe 'yan tsabar da ta tara. Na ga babban mutum mai rawani yana yi wa tururuwa fashi yana neman gafarar Allah.

In rana ta take kowa ya shige bukka ya kwanta, don tsayuwa ma cin ƙarfi ce. Yashi ya yi zafin da ba a taka shi, iska ta tsaya cik. A irin wannan lokacin ne muka fara jin daka. Lugude sosai, irin na mata biyu a turmi ɗaya, yana tasowa daga wajen gulbi. Ranar farko mata suka fito da gudu, kowa na son ganin wadda ke da hatsin dakawa. Suka bi sautin har bakin ruwa, ba kowa, sai yashi da hasken rana. Suna juyowa ya sake tashi a bayansu.

Baba ya ce, "Yunwa ta, ita ka daka cikin kunnuwanku. Ku yi salati ku kwanta." Amma ni na gan shi kwance da ido buɗe, yatsansa yana bin luguden a kan tabarma.

Sannan ciwon ciki ya shigo, na ɗanyen anza da ruwan tafki. Ya fara da yara da tsofaffi. Ba mai ƙarfin ɗaukar gawa zuwa gari, don haka aka ware wuri gabas da bukkoki, jifa ɗaya daga bakin gulbi. Na farko aka sa shi kusa da ruwa, na biyu a gefensa ta gabas, haka aka yi ta jerawa. Ba a zurfafa rami, hannuwa ba su da wannan ƙarfin. Fadama ba ta da dutse, tukunya kuma ba a da wadda za a fasa a yi alama, sai dai a ja ƙaya a ɗora.

Yawancin ramukan nan da Baba aka haƙa su. Da yamma in Inna ta raba ɗan abin da ta dafa, sai ya ture nasa gaban Sani ya ce ya riga ya ci gaiwa a bukkar 'yan Tursa. Sai daga baya muka ji su ma ce musu yake ya ci a gida. Da ya kwanta bai daɗe ba. Ranar ƙarshe ya dubi Inna ya ce, "Bari kuka. Ba ku koma kwana da yunwa, in Allah ya so. Ni na hwaɗa maki."

Inna ta ce, "Da mi za ka ciyar da mu, Malam, kana kwance?"

Ya yi 'yar dariya ya lumshe ido.

Da hantsi muka yi masa salla. Ina sahun gaba, kuma abu ɗaya ya zauna min a kai har yau: rana tana dukan fuskarmu, gulbi yana bayanmu. Muka kwantar da shi a gefen damansa, kansa kudu, fuskarsa gabas, a ƙarshen jerin. Shi ne na ƙarshe. Ba a jima ba ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, bayan lokacin gero ya wuce. Kowa ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar garinsu, ba wanda ya waiwaya.

Aka yi shekaru ba mai taka wurin. Nisa ne da shi, ga tsoro, ga kuma wata irin kunya, don ba wanda ke son a tuna masa ranar da ya tona ramin tururuwa. A tsakanin nan aka yi wata damina ta babban ruwa, fadama ta zama shimfiɗa ɗaya, ba ka gane gulbi ba ka gane gona. Ni lokacin ina Sakkwato ina jan sarƙa. Da injinan ban ruwa suka shigo aka zo rabon fadama, sai dattawan da suka yi zaman suka ce a fara fitar da maƙabarta. Suka je suka tsallake gulbi kamar yadda suka tsallake a wancan lokacin, suka ba shi baya, suka yi tafiyar jifa ɗaya, suka tarar da tudun yashi da ƙaya a kansa. Suka ce nan ne. Da ni ma ina wurin abin da zan ce ke nan.

Inna ta roƙa aka ba Sani gona a wannan gaɓar, daidai bakin ruwa, tana kallon tudun. Gonar ta yi albarka har ana maganarta. Albasar Sani in ta shiga kasuwa ba a tambayar ta wace ce, kuma tun da ya fara nomanta ba a sake kife turmi a gidanmu ba. Kowace shekara in an cire albasa sai ya ɗauki Inna a babur ya kai ta. Akwai wata 'yar ganuwar ƙasa a ƙarshen gonar ta gabas, nan take zama ta fuskanci tsallake, ta yi addu'arta, ta ɗan ba Baba labarin gida ƙasa-ƙasa. Mace ba ta shiga maƙabarta, don haka hangen ya ishe ta.

To, bana aka kawo ɗan jirgin nan marar matuƙi ya yi shawagi ya ɗauko mana hoton fadamar, bayan an gama cire albasa. Abin da na fara yi shi ne zagaye Tudun Anza da jan layi mai kauri, na cika alkawari. Sannan na ja shuɗin layin hanyar ruwa ya bi gaɓar wannan gefen, ya yanki ƙarshen gonar Sani. Shi da kansa ya yarda, don ruwa zai zo masa har ƙofa.

Saura abu ɗaya. Hanyar ruwa ba ta son tsohon yashi, tsotse ruwan yake, don haka ina son in san inda gulbi ya taɓa bi. Na samo wani tsohon hoto da jirgin sama ya ɗauka tun kafin shekarar yunwa, na shigar da shi kwamfuta. Ana ɗaure tsohon hoto da sabo ne da abubuwan da ba su motsi, sai na kama wani dutse can wajen fadama, da tsohon masallacin wani ƙauye, da mararrabar hanya, na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har hotunan suka hau kan juna daidai. Rana ta take, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit. Na fara dusashe sabon hoton a hankali don tsohon ya fito.

Kowa ya san gulbi yana yawo, ya ci nan ya ajiye can. Abin da na gani ya wuce wannan. Tsohon gulbin yana can yamma, inda yanzu wani kwari yake da ake shuka shinkafa. Babban ruwan nan bai matsar da shi ba, sabuwar hanya ya yanka masa ta gabas. Inda Tudun Anza yake yanzu, a tsohon hoton fili ne shafal, ruwa ne ya tara yashin daga baya. Tudun da muka kafa bukkoki kuwa yana tsakanin tsohuwar hanya da sabuwa. Gulbi ya tsallake su ne, ya koma gabansu.

Na mayar da sabon hoton, na ƙara girman wurin. Gonar Sani ce. Ga fangalin albasa murabba'i-murabba'i, busassu, farare. A ƙarshen gonar kuma ga wasu gajerun zane masu duhu, inda ƙasa ta riƙe laima, kowanne tsawon mutum, kudu da arewa, jere gefe da gefe. Ba su bi fangali ba, ba su bi kunya ba. Shuɗin layina ya bi ta kan na ƙarshe, na gabas.

Ni mutumin awo ne, ba na cikin masu ganin aljani a kowace tsamiya. Amma ranar tsigar jikina ta tashi, na rufe kwamfutar na fita waje na tsaya cikin rana, ina jin sanyi.

Da la'asar na kira Sani da Alhaji Buba shugaban ƙungiya, na nuna musu. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce, "Umaru, hoto na hwa. Dattawa sunka taka da ƙahwa sunka nuna wuri. In munka karkata hanyar ga, sai ta ci gonakin mutane da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba."

Na ce, "Dattawa ba su yi ƙarya ba, Alhaji. Gulbi na bayansu, gaskiya ta. Gulbin na ba shi na ba."

Na dubi Sani. Fuskarsa ta yi toka. Ya ce, "Yaya, wurin ga in na sako ruwa, zaftawa shikai layi-layi. Kullum sai na cike." Ya nuna zanen da yatsa. "Kuma in rana ta take ina jin daka. Na ɗauka injin wani na can nesa."

Ban taɓa ba shi labarin dakan nan ba. Yana ƙarami lokacin, kuma a gidanmu ba a maganar shekarar.

Alhaji Buba ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Liman da aka tuntuɓa ya ce kada a tona don neman tabbaci, a bar musu wurin. Haka aka yi. Na karkata shuɗin layin ya zagaya ta yamma, masu gonakin suka yi ƙorafinsu suka haƙura, Sani ya rasa gefen gonarsa da ya fi kowane bayarwa. Manhajar tana da alamarta ta maƙabarta, amma ba ta yi kama da tamu ba, sai na ƙirƙiri tawa, 'yan gajerun zane kudu da arewa, na zagaye su da ja. Jan layin tsallake ban goge shi ba, hannuna ya ƙi.

Sani ya ce, "Wa ka hwaɗa ma Inna?" Na ce ni ne babba.

Ban iya faɗa mata a ɗaki ba. Na ce lokacin zuwanta ya yi, muka ɗauke ta da hantsi, Sani yana tuƙi, ni ina biye a wani babur. Da muka isa ta dafa kafaɗata har 'yar ganuwarta, ta zauna yadda ta saba, fuskarta tsallake. Ta ɗaga hannu za ta fara, na durƙusa a gefenta na gaya mata komai, tun daga tsohon hoton har zanen da na gani.

Ta sauke hannun. Sannan ta ce, "Albasar da muka ci shekara da shekaru, nan taka hitowa?"

Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Nan na, Inna."

"Yac ce ba mu koma kwana da yunwa." Ta faɗa a hankali, sannan ta yi istigfari. Can ta ce, "Mai-sarƙa, wane na nashi?"

"Na ƙarshe, Inna. Ga shi nan bayanki, ko tsawon tabarma babu."

"Ina huskarshi?"

"Gabas."

Na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Gabas ita ce inda take zaune. Duk shekarun nan da take zuwa tana hangen tudun yashi tana ba shi labarin gida, bayanta yake fuskanta.

Ta ce in kama ta. Na miƙa hannu na zaci tashi za ta yi mu tafi, sai ta dafa ni ta juya a kan ganuwar da ƙyar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har ta ba gulbi baya. Ta gyara mayafinta, ta goge fuska da gefensa, irin yadda mace ke yi in maigida ya yi sallama. Rana ta kusa takewa, injinan fadama duk sun yi shiru, ni da Sani muna tsaye ba mai motsi.

Ta ce, "Sannu da jira, Malam. Ga ni na juyo."